Idan Hanyar Abinci Ta Tsuke: Abin da Bututun Raga Yake Iya Yi

Matsalar haɗiya da tsukewar hanyar abinci ke jawowa ba ta afka wa mutum gaba ɗaya, a hankali take shigowa, kuma da wuya ta saɓa wa tsarinta. Da fari nama ne yake tsayawa a ƙirji, sai mutum ya kora da ruwa ya ci gaba da harkokinsa. Bayan wasu makonni lomar tuwo ta fara gardama, a koma kan fate da shinkafa mai ruwa-ruwa, daga nan a koma kunu da koko, har a kai matsayin da yawun bakinsa ma ba ya wucewa, sai an ajiye masa gwangwani a gefen gado yana tofarwa. Duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan majinyaci ya san cewa yunwarsa daban take da ta wanda zazzaɓi ya ɗauke wa sha'awar abinci, domin shi yana son ya ci, yana jin ƙamshin girki daga madafa, hanya ce kawai babu.

Hanyar da abinci yake bi daga maƙoshi zuwa tumbi tsawonta kimanin santimita 25 ne a jikin babban mutum, kuma bangonta tsoka ce mai miƙewa, shi ya sa take karɓar loma ba tare da mun ji komai ba. Idan faɗin raminta ya ragu zuwa ƙasa da milimita 13, abinci mai tauri yakan fara maƙalewa, wato kafin mutum ya ji alamar farko tsukewar ta riga ta yi nisa. Abubuwan da ke jawo ta sun rabu gida biyu, kuma rabuwar tana da muhimmanci ƙwarai wajen zaɓen magani. Akwai ƙarin ciwon daji da ke tsirowa a bangon hanyar yana cike ramin, akwai kuma tabon da ba na daji ba, wanda yake biyo bayan ƙwannafi na shekara da shekaru, ko shan sodar sabulu da ruwan batir, ko gashin ciwon daji da aka yi wa ƙirji da na'ura, ko ɗinkin tiyata da ya warke a tsuke.

A nan Kaduna, abin da na fi gani shi ne a laƙaba wa komai sunan ulsa. Mutum zai yi watanni yana sayen farin maganin ruwa a kemis, idan bai ga sauƙi ba a ce sammu aka ba shi a abinci, a shiga neman maganin amayar da shi, alhali yana ta ramewa har wandonsa ba ya zama a ƙugu. Gyambon ciki yana sa zafi da ƙuna, amma abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji kullum abin yana gaba, tare da rama, wannan ba aikin kemis ba ne. Abin da ake buƙata shi ne likita ya zura na'urar leƙen ciki, wadda suke kira endoskofi, ya ga wurin da idonsa, ya tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Sai an san ko ƙarin daji ne ko tabo ne kafin a fara maganar yadda za a buɗe hanyar.

Ɗaya daga cikin hanyoyin buɗewar ita ce sanya bututun raga, wanda likitoci ke kira sitent. Wani ɗan bututu ne da aka saƙa da siririyar waya, galibi ta wani ƙarfe mai suna nitinol, haɗin nikel da titaniyam, wanda aka gano a wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka wajen shekarar 1960. Halinsa shi ne ko an murƙushe shi yana komawa siffar da aka ƙera shi a kai. Don haka a masana'anta ake matse bututun cikin wani siririn kube da kaurinsa bai kai santimita 1 ba, sai likita ya zura shi ta baki a kan wata waya mai yi masa jagora, ya tsallake wurin da ya tsuke, sannan ya janye kuben. Nan take ragar za ta fara buɗewa tana tura bangon hanyar gefe, kuma takan ɗauki kwana 1 zuwa 3 kafin ta gama buɗewa. Na hanyar maƙoshi faɗinsu yakan kasance tsakanin milimita 18 da 23, tsawo kuwa likita ne yake zaɓa gwargwadon tsawon wurin da ya lalace, ya bar rara sama da ƙasa. Ba a yanka ciki, ba a yanka ƙirji, allurar sa barci mai sauƙi ake yi, aikin kansa bai cika wuce rabin awa ba, kuma majinyata da yawa ana sallamar su a ranar ko washegari.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Ingila suke gwada cusa bututu a maƙoshin masu ciwon daji, kuma a 1959 aka fito da wani na roba wanda sai an buɗe ciki ake jawo shi zuwa mazauninsa. Waɗannan bututai masu tauri sai an faɗaɗa hanyar da ƙarfi suke shiga, shi ya sa fashewar bango ta yi yawa a zamaninsu. A farkon shekarun 1990 ne na raga mai buɗe kansa ya bayyana, kuma wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 1993 ya nuna cewa matsalolinsa sun fi na robar ƙaranci nesa ba kusa ba, daga nan kuwa aka yi watsi da tsohon yayi.

Ragar ma iri-iri ce. Akwai tsirara wadda ba a lulluɓe ta da komai ba, tana kama bango da kyau ba ta zamewa, sai dai ƙarin yana iya kutsowa ta ramukanta ya sake toshe hanya, kuma cire ta ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai wadda aka lulluɓe da wata siririyar leda ta silikon, ƙari ba ya ratsa ta kuma ana iya cire ta, amma ta fi saurin zamewa ta faɗa cikin tumbi. Akwai kuma wadda aka lulluɓe tsakiyarta aka bar bakunanta biyu tsirara. Mai lulluɓin tana da wani amfani na musamman idan ciwon ya huda tsakanin hanyar abinci da hanyar numfashi, yadda da zarar majinyaci ya kurɓi ruwa sai tari ya sarƙe shi, domin ledar tana toshe hudar.

Na san wannan aiki ne ta dalilin jinyar wani kawuna, dattijo mai sana'ar ɗinki a Tudun Wada, wanda aka gano ciwon dajinsa bayan ya riga ya bazu, tiyata ba za ta yi amfani ba. Lokacin da likita yake yi mana bayani, Kawu ya tambaye shi da muryarsa da ta dusashe: "Likita, wannan abin da za ku sa mini, shi zai kashe ciwon?" Likitan bai yi kwana-kwana ba, ya ce: "A'a Baba, ciwon yana nan inda yake. Hanya za mu buɗe muku, ku samu ku ci abinci, ku sha maganinku." Na ji daɗin wannan amsa, domin na ga iyalan da suka fita daga asibiti suna zaton an warkar da ɗan'uwansu, suka daina zuwa ganin likita, ciwon kuma ya ci gaba da aikinsa. Daren farko Kawu ya sha ciwon ƙirji sosai saboda ragar tana buɗewa, sai da aka haɗa masa da maganin ciwo mai ƙarfi. Da aka ba shi izinin sha, matarsa ta dama koko mai ruwa ta tace shi da rariya, ya karɓi kofin da hannu biyu, ya kurɓa kaɗan, ya tsaya yana jiran ya dawo kamar yadda ya saba, bai dawo ba. Sai ya dube ta ya ce: "Hajiya, ƙaro sukari."

Daga wannan lokaci ragowar aikin ya koma hannun masu girki, kuma a ganina nan ne ake samun nasara ko akasinta. Hanyar abinci mai lafiya tana matsa loma ƙasa da tsokarta, amma wurin da aka sa raga ba ya motsi, abinci da nauyinsa kawai yake gangarawa. Misalinsa kamar kwalbati ne da damina, ruwa yana wucewa salin-alin, amma leda ɗaya da 'yan karare sun isa su tare bakinsa. Saboda haka tsire da kilishi da balangu da ganda sun fita daga lissafi, haka ma sabon burodi da gurasa, domin suna curewa su zama dunƙule idan sun jiƙa. Kwaɗon zogale da na rama, da rake, da mangwaro mai zare, da ɓawon dabino, da aya da gyaɗa da goro, duk suna iya maƙalewa a jikin ragar. Kifi sai an tsince ƙayarsa tsaf. Abin da ya fi karɓar majinyaci shi ne kunun gyaɗa da madara, da fura da nono wadda aka dama ta yi laushi babu gudaji, da alale mai taushi, da faten dankali, da ayaba da gwanda, da tuwo mai laushi ƙanana-ƙananan loma da aka tsoma sosai cikin miyar kuka ko kuɓewa. Nama kuwa a dafa shi ya yi lugub a niƙa shi cikin romo, domin mutumin da ya rame yana buƙatarsa, hana shi gaba ɗaya ba gata ba ne.

Yadda ake cin ma yana da nasa ƙa'idoji. A zaune tsaf ake ci, ba a kishingiɗe ba, a tauna sosai, a riƙa kurɓar ruwa tsakanin loma da loma, a kuma kora da ruwa mai ɗumi bayan an gama don a wanke ragar. Gara a ci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini da a zauna gaban kwano guda a ce sai an ga bayansa. Wannan yana da wuya a gidajenmu, inda mai jinya ke ganin ƙauna ita ce ta cika kwano ta yi ta cewa "daure ka ƙara". Manyan ƙwayoyin magani ma suna toshe raga, don haka a tambayi likita ko mai ba da magani a asibiti ko akwai na ruwa, kada a daka da ka, domin akwai ƙwayoyin da daka su ke lalata aikinsu.

Idan ragar ta ratsa mahaɗar hanyar abinci da tumbi, ƙofar da ke hana ruwan ciki dawowa sama ta zama a buɗe ke nan dare da rana. Irin wannan majinyaci ba ya kwanciya shimfiɗe, sai an ɗaga kan gadonsa ko an tara masa matasai yadda ƙirjinsa zai fi cikinsa tudu, kuma ya bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, tare da shan maganin rage tsamin ciki irin su omefirazol. Haɗarin ba ƙwannafi kaɗai ba ne, ruwan ciki yana iya zarcewa huhu cikin barci. Da azumi ya zo, Kawu ya so ya yi sahur ya koma ya kwanta kamar kowa, sai da aka haɗa shi da limamin unguwa ya tuna masa rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya, sannan ya haƙura.

Ba kowace rana ce ke tafiya daidai ba. Idan loma ta maƙale, a daina ci, a miƙe a ɗan zagaya, a riƙa kurɓar ruwa mai ɗumi, kuma wasu likitoci suna ba da shawarar lemon kwalba mai gas. Idan awanni suka wuce ko ruwa ba ya shiga, asibiti za a nufa, kada a zura yatsa ko wani abu a maƙoshi. Aman jini, baƙin bayan gida, zazzaɓi tare da ciwon ƙirji mai tsanani, ko numfashi sama-sama, babu wanda ake jiran gari ya waye da shi. Haɗiya kuma tana iya sake yin wuya bayan watanni, ko don ragar ta zame, ko don ƙarin ya girma ya rufe bakinta, kuma sau da yawa ana iya gyarawa da na'urar, ko a sa wata ragar a cikin ta farko.

Ra'ayina shi ne bututun raga ya fi dacewa da wanda ciwonsa ya yi nisa, wanda abin da ya fi buƙata shi ne ya ci ya sha cikin gaggawa a tsakiyar iyalinsa. Wanda aka gano nasa da wuri, tiyata da allurar ciwon daji da gashi ne hanyarsa, kuma likitoci da yawa ba sa son sa masa raga kafin tiyata, sun fi son a ciyar da shi ta wani bututun da ake sawa ta hanci ko ta fatar ciki. Ko a cikin waɗanda ba za a yi wa tiyata ba, gashi yana buɗe hanya, sai dai yana ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa, amma idan ya yi aiki yakan fi daɗewa. Mu da muke kusa da Zariya, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yake da sashen kula da masu ciwon daji, ya kamata a ji ta bakin likitocin wannan fanni kafin a yanke shawara. Kuma ba sai ƙasa ta yi arzikin Turai ake iya wannan aiki ba. A asibitin Tenwek da ke Bomet a ƙasar Kenya, yankin da ciwon dajin maƙoshi ya yi katutu, likitoci sun sa wa majinyata kusan 1,000 raga ba tare da na'urar haska jiki ba, da ma'aunin endoskofi kawai, suka wallafa sakamakon a 2009. Tun da an ambaci wannan ciwo, taba da giya suna kan gaba cikin masu jawo shi, kuma a 2016 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi. Masu kurɓar shayi yana tiriri a teburin mai shayi sai su bari ya ɗan huce.

Tsukewar da ba ta daji ba kuwa lissafinta daban ne, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi, domin yara ta fi kamawa. Sana'ar sabulun ruwa ta bazu a gidajen Rigasa da Kawo da Unguwar Sanusi da sauran unguwanni, ana jiƙa soda a robar ruwa ko kwalbar lemo a ajiye a tsakar gida, ruwan fari tas, yaro mai jin ƙishirwa ya ɗauka ya kwankwaɗa. Kuskuren da ake yi nan take shi ne a ɗura masa manja ko a sa shi amai, alhali amai yana sa sodar ta sake ƙona hanyar a karo na biyu. Asibiti ake kai shi kai tsaye, tare da robar abin da ya sha. Bayan makonni, lokacin da iyaye suka ɗauka an tsallake, tabon ke fara tsukewa. A nan ba raga ake fara sawa ba, faɗaɗa hanyar ake yi da wasu sandunan roba masu girma daki-daki ko da balan-balan na musamman, ana maimaitawa sau da yawa. Sai tabon ya ƙi jin wannan ake tunanin raga mai lulluɓi, kuma ta wucin gadi ce, ana cire ta bayan wasu makonni, ba a cika bari ta wuce wata 3 ba, domin nama yana iya tsirowa ya riƙe ta. Akwai wadda ake yi da irin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da kansa cikin kimanin wata 3. Duk da haka waɗanda raga take raba su da matsalar har abada ba su kai rabi ba, wasu a ƙarshe sai an yanko wani yanki na hanji ko an jawo tumbi an yi musu sabuwar hanya.

A ƙasa da maƙoshi ma ana amfani da wannan dabara. Idan ƙari ya toshe mafitar tumbi, mutum ya riƙa aman abincin da ya ci jiya, ana sa raga a farkon ƙaramin hanji, ko da yake wanda ke da sauran ƙarfi tiyatar kewaye wurin ta fi yi masa ƙarko, wanda kuma tabon gyambon ciki ne ya tsuke masa mafitar ba raga ce maganinsa na farko ba. Hanyar ruwan maɗaciya ita ma tana toshewa, musamman idan ƙari ya fito a kan fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayi mai hana barci, sai a ce shawara ce a shiga jiƙe-jiƙen saiwoyi. Tun wajen 1980 wani likita a Hambug ta Jamus, Nib Soehendra, ya nuna yadda ake zura siririn bututun roba ta baki har cikin wannan hanya. Na roba ya fi araha amma yakan toshe, don haka ake canza shi wajen kowane wata 3, na raga ya fi tsada ya kuma fi daɗewa. Wanda aka sa wa irinsa, idan rawayar ido ta dawo da zazzaɓi da rawar sanyi, bututun ne ya toshe, kuma gaggawa ce.

A babban hanji ta dubura ake shigar da ragar, kuma tana da wani amfani da mutanenmu za su fi kowa ganewa. Wanda ƙari ya toshe wa hanji, ciki ya kumbura babu bayan gida babu tusa, idan aka yi masa tiyatar gaggawa sau da yawa yakan farka da jakar bayan gida manne a cikinsa, abin da ke damun mutane matuƙa saboda tsarki da sallah da shiga jama'a. Idan aka samu raga ta buɗe hanyar, hanjin ya sauke kayansa, sai a shirya tiyatar a tsanake bayan 'yan makonni, kuma damar a haɗe hanjin ba tare da jaka ba ta fi yawa. Haɗarin da likita ke aunawa shi ne ragar tana iya fasa bangon hanji, shi ya sa ba kowa ake yi wa ba.

Duk waɗannan bututai daga waje ake shigo da su, daga Koriya ta Kudu da Amurka da Sin da ƙasashen Turai, farashinsu yana bin dala, kuma ba kowane asibitin da ke da endoskofi ne yake da wanda ya ƙware wajen sa su ba. Kafin dangi su haɗa kuɗi ko a ɗaga gona a sayar, ya dace wanda ya fi kowa natsuwa a cikinsu ya zauna da likita ya tambaya ko ragar ta zama ce ko ta cirewa, ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da aikin da gado da magani, da kuma wanda za a nema idan ta toshe da tsakar dare ko ta zame bayan an koma gida. Masu inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, su bincika tun kafin ranar aiki abin da tsarinsu ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba. A kuma karɓi takardar da ke nuna irin ragar da aka sa da tsawonta da ranar da aka sa ta, a riƙa tafiya da ita duk asibitin da za a je, domin likitan da zai karɓi majinyacin a sashen gaggawa ba lallai ne shi ne wanda ya yi aikin ba.